SU SHI: GWAMNAN DA YA YASHE TAFKIN SHAN ISKA A SHEKARAR YUNWA

A birnin Hangzhou da ke kudu maso gabashin ƙasar Sin akwai wani tafki da ake kira Tafkin Yamma, saboda yana yamma da garin. Girmansa ya ɗan haura murabba'in kilomita 6, duwatsu sun kewaye shi ta fuska uku, gari kuma ya tare ta huɗun. Tun zamanin da wurin shan iska ne, inda attajirai da malamai da manyan ma'aikata kan shiga jiragen ruwa da maraice, da makaɗa da abinci, su yi ta yawo har dare. Wata hanya mai tudu ta ratsa tafkin daga kudu zuwa arewa, tsawonta kusan kilomita 3, da gada shida a jikinta. An gina ta ne cikin 1090 da laka da ciyawar da aka kwaso daga cikin tafkin, a lokacin da mutanen lardin ke fama da yunwa bayan wani mugun fari.

Wanda ya ba da umurnin yin wannan aiki shi ne Su Shi, wanda aka fi sani da laƙabinsa, Su Dongpo. Sinawa sun sa shi cikin sahun farko na mawallafan waƙoƙinsu, kuma har yanzu yara na haddace rubuce-rubucensa a makaranta. Amma shi a rayuwarsa ma'aikacin gwamnati ne. Ya yi shekara 40 yana ƙarƙashin doka da odar fada, ana yi masa canjin wurin aiki, yau a ɗaga shi, gobe a sauke shi, har ya ɗanɗani kurkuku da kora.

An haife shi cikin 1037 a garin Meishan na lardin Sichuan, a zamanin daular Song. Ubansa, Su Xun, malami ne da bai kama karatu gadan-gadan ba sai da ya kusa shekara talatin, ya kuma yawaita tafiye-tafiye, saboda haka uwar ce, wadda ta fito daga gidan Cheng, ta ɗora Su Shi da ƙanensa Su Zhe a kan karatun farko. A wancan zamani hanyar shiga aikin gwamnati a ƙasar Sin ita ce jarrabawa, wadda ake yi mataki-mataki har zuwa ta ƙarshe a babban birni, Kaifeng. Cikin 1057 wa da ƙane suka zauna wannan jarrabawa suka ci tare, Su Shi yana da shekara 20. Babban mai duba takardu a shekarar, Ouyang Xiu, wanda shi ne jagoran masu ilmi na lokacin, ya yaba da rubutun yaron ƙwarai, ya kuma bazama yana ambatonsa a fada. Cikin 1061 aka tura shi aikinsa na farko a Fengxiang, yana taimaka wa gwamnan wurin da sha'anin shari'a da takardu.

Rasuwar matarsa ta fari cikin 1065, da ta ubansa cikin 1066, ta mai da shi gida zaman makoki kamar yadda al'adarsu ta tanada. Da ya komo Kaifeng cikin 1069 sai ya tarar fada ta sauya. Sabon sarki, Shenzong, ya danƙa ragamar mulki ga Wang Anshi, mutum mai kaifin hankali da taurin kai, wanda ya fito da sababbin dokoki don cika baitulmali da ƙarfafa soja. Daga cikinsu akwai bashin da gwamnati ke ba manoma da bazara su biya da kaka da riba. A takarda abin ya yi kyau, gama manufarsa a raba talaka da masu ba da bashi da ruwa. Amma da ya isa ƙauye, sai ƙananan ma'aikata suka riƙa ɗora wa mutane bashin tilas don su cika adadin da aka yanka musu, wanda ya kasa biya kuwa a kama shi. Su Shi ya rubuta wa sarki doguwar takarda yana sukar wannan tsari. Ba a ji daɗinta ba. Da ya ga zaman Kaifeng ya yi masa zafi, sai ya nemi a tura shi lardi, aka ba shi mataimakin gwamnan Hangzhou cikin 1071.

Wannan zuwa na farko shi ya sanar da shi tafkin, da kuma abin da ke ƙarƙashin kyansa. Ƙasar da Hangzhou ke kai a da bakin teku ce, saboda haka duk rijiyar da aka haƙa a garin ruwanta zartsi ne. Wani gwamna na zamanin daular Tang, Li Bi, shi ya warware matsalar wajen shekara ta 780, ya haƙa tafkuna ƙanana guda shida a cikin gari, waɗanda ake kira Rijiyoyi Shida, ya jawo musu ruwa daga Tafkin Yamma ta ƙarƙashin ƙasa. Bayansa, Bai Juyi, wanda ya yi gwamna daga 822 zuwa 824, ya ɗaga bakin tafkin don ya ƙara riƙe ruwa, ya kuma tsara yadda za a riƙa sakinsa ga gonakin shinkafa da rani. Sarakunan Wuyue, waɗanda suka mallaki yankin daga 907 zuwa 978, sun ajiye soja dubu ɗaya ba su da wani aiki sai cire ciyawa daga tafkin. Da ƙasar ta shiga hannun daular Song sai aka watsar da wannan tanadi. Su Shi da maigidansa, gwamna Chen Xiang, sun sa waɗansu masu zuhudu na addinin Buda guda huɗu sun gyara rijiyoyin da bututun gora, aka gama cikin 1073. A shekarar aka yi fari, garuruwan kewaye suka shiga wahalar ruwa, mutanen Hangzhou kuwa suka sha suka yi wanka.

Daga nan aka yi ta yawo da shi. A Mizhou ya tarar da fari da fara. A Xuzhou, cikin 1077, Rawayen Kogi ya ɓalle, ruwa ya zo ya tsaya a jikin ganuwar birni. Masu hali suka ɗaure kaya za su gudu, ya hana su fita, don ya san in suka tafi talakawa za su karaya. Ya tafi da kansa barikin sojan sarki, waɗanda ba sa ƙarƙashin ikonsa, ya roƙi taimakonsu, suka fito da kwanduna da shebur. Ya kafa bukka a kan ganuwa ya yi makonni yana kwana a can har ruwa ya janye, garin ya tsira.

Bakinsa da alƙalaminsa ne suka ja masa. Waƙoƙinsa sun bazu, a cikinsu kuwa akwai habaici kan wahalar da sababbin dokoki suka jawo wa manoma da masu dafa gishiri. Cikin 1079, yana gwamnan Huzhou, ma'aikatar da ke sa ido kan halin ma'aikata ta aiko aka kama shi, aka kai shi Kaifeng a ɗaure, aka tuhume shi da zagin sarki. Ya yi wajen wata huɗu a tsare ana bin baitocinsa ɗaya bayan ɗaya ana neman ma'anar da za ta kai shi ga hauni. Manya da dama suka sa baki, har da kakar sarki wadda ke kan gadon ajali, aka bar shi da ransa, aka kore shi zuwa Huangzhou a bakin kogin Yangtze, da muƙami na suna kawai, ba iko, ba albashin kirki. A can ya sami wani fili a gangaren gabashin gari ya kama noma don ya ci da iyali. Sunan wurin, Dongpo, watau Gangaren Gabas, shi ya ɗauka ya zama laƙabinsa. Masana sun haɗu a kan cewa mafi kyawun abin da ya rubuta a waɗannan shekaru huɗu na talauci ya rubuta shi.

Sarki Shenzong ya rasu cikin 1085, ya bar ɗa ƙarami, sai kakar yaron, Gao, ta riƙe mulki. Ta komo da waɗanda aka kora, Su Shi ya hau har ya zama mai tsara wasiƙun sarki. To, sai ga shi ya saɓa da mutanensa su ma. Shugabansu, Sima Guang, ya ƙudura ya soke dukan dokokin Wang Anshi, Su Shi kuwa ya ce akwai wadda ta yi amfani, watau wadda ta ba talaka damar biyan kuɗi maimakon aikin tilas, bai kamata a taɓa ta ba. Ya zama ba shi ga waɗannan, ba shi ga waɗancan. Ya sake neman a tura shi lardi, cikin 1089 aka mai da shi Hangzhou, wannan karo shi ne gwamna, muƙamin da ya yi kama da na Razdan a nan ƙasar a zamanin da, aka kuma haɗa masa da kula da sojan yankin.

FARI DA ANNOBA

Ya iso a wata na bakwai na lissafin Sinawa, ya tarar da shekara ta ɓaci. Ruwa ya yi yawa da farkonta ya hana shuka da wuri, sa'an nan ya ɗauke ɗif lokacin da ake bukatarsa. Shinkafa ta yi tsada, ga annoba ta biyo baya. Abin lura a nan shi ne bai fara da tafki ba, da ciki ya fara. Ya yi ta aika takardu Kaifeng har aka yafe wa lardin sulusin shinkafar da yake aikawa fada kowace shekara. Da bazara ya buɗe rumbunan tsimi na gwamnati ya sayar da hatsi da rahusa don ya karya farashi. Ya sa aka riƙa dafa kunu da magani, ma'aikata da masu magani suna bi unguwa-unguwa. Ya tattara rarar kuɗin hukuma igiya 2,000, ya ƙara da zinariya awo 50 daga aljihunsa, ya buɗe gidan jinyar marasa lafiya, ya sa masu zuhudu su kula da shi. Kuɗinsu na lokacin na tagulla ne mai huji a tsakiya kamar anini, ana zura shi a igiya, kowace igiya a ƙa'ida ƙwaya dubu.

Sa'an nan ya juya ga hanyoyin jiragen ruwa guda biyu da aka haƙa a garin, Maoshan da Yanqiao. Da yake ruwan tafki ya ragu, an koma cika su da ruwan kogin Qiantang, wanda ke tasowa da laka duk lokacin da teku ta cika. Kowace shekara uku zuwa biyar sai an yashe su, a tula taɓo a ƙofar gidajen mutane da kantunansu, ma'aikata kuma su sami hanyar karɓar na goro daga wanda ba ya son a zuba a ƙofarsa. Su Shi ya sa soja suka yashe su duka biyu, ya kuma gina ƙofar ruwa a mahaɗarsu. In teku ta cika sai a rufe ƙofar, ruwan laka ya bi ta Maoshan wadda ta zaga ta bayan gari inda ba jama'a da yawa, sai ya kwanta ya tace kana a buɗe. Ita kuwa Yanqiao, wadda ta ratsa tsakiyar kasuwa, aka shirya ta riƙa shan ruwa mai tsabta daga tafki. Rijiyoyin nan shida ma sun sake lalacewa, gama gora ba ta daɗewa a ƙasa. Cikin masu zuhudun nan huɗu saura ɗaya da rai, Zigui, ya tsufa. Aka nemo shi, ya ba da shawara a sa bututun yumɓu a cikin kwarin dutse, aka yi haka.

Duk waɗannan gyare-gyare sun rataya ne a kan abu guda, watau a sami ruwa a tafkin. Tafkin kuwa yana mutuwa. Ba shi da zurfi tun asali, ga wata ciyawar ruwa mai yawan saiwa, dangin shinkafar daji, tana kama laka tana yin dandamali, har mutane su hau su yi shuka a kai. Sa'ad da Su Shi ya yi zamansa na farko, abin da ciyawar ta rufe bai wuce kashi biyu ko uku cikin goma ba. Bayan shekara goma sha shida ya tarar ta cinye rabi. Dattawan gari suka gaya masa in aka ƙara shekara ashirin a haka, ba sauran tafki.

A nan ne shawara ta yi wuya. Mutumin da ya cika fada da kukan cewa lardinsa na mutuwa da yunwa, da wane baki zai koma ya nemi kuɗin gyaran wurin da kowa ya sani na kiɗa da shan iska ne? Kuma kowa ya san shi kansa yana cikin masu son wurin, har ya kan ɗauki takardun ofis ya je bakin tafkin ya yi aikinsa a can. Maƙiyansa a Kaifeng ba abin da suke jira sai irin wannan. Akwai kuma misali a gabansa. Shekara 40 kafin nan, cikin 1050, wani gwamnan Hangzhou, Fan Zhongyan, ya fuskanci yunwa ta hanyar ƙarfafa tseren jiragen ruwa a tafkin, da zuga gidajen ibada su yi gine-gine tun da lada ya yi araha, don masu kuɗi su fito da shi talaka ya sami aiki. Dabarar ta ci, amma sai da masu duba aikin lardi suka kai ƙararsa cewa yana sharholiya jama'a na wahala.

Su Shi ya sa aka auna wurin da ciyawa ta rufe, aka ƙiyasta aikin zai ci yinin ma'aikaci 200,000. Abin da ya rage a hannunsa na kuɗi da shinkafar agaji zai biya rabin wannan. Ran 28 ga wata na huɗu na 1090 ya sa aka fara aiki. Takardar neman sauran kuɗin kuwa sai washegari, ran 29, ya rubuta ta. Duk wanda ya san aikin ofis ya san ma'anar wannan: ya fi wuya a hana kuɗin ƙarasa aikin da aka riga aka fara, da a hana na wanda ke kan takarda.

Takardar ta kawo dalilai biyar, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya ambaci kyan wuri ko shan iska. Na farko don kunnen fada aka yi shi. Tun wajen 1020 aka keɓe tafkin ya zama wurin da ake sakin kifi da tsuntsaye don roƙa wa sarki tsawon rai, bisa al'adar mabiya Buda, saboda haka barinsa ya ƙafe kamar sakaci ne da alherin sarki. Sauran huɗun su ne ainihin maganar. In tafki ya tafi, rijiyoyi sun tafi, dukan birnin ya koma shan zartsi, ƙarshenta ya watse. Gonakin shinkafa masu nisan gaske a arewacin gari da shi suke rayuwa da rani. Hanyar jirage za ta koma shan lakar kogi, a koma gidan jiya. Na biyar kuwa na baitulmali ne: gwamnati ce ke da ikon dafa giya da sayar da ita, harajin da take samu daga wannan a Hangzhou ya haura igiya 200,000 a shekara, kuma da ruwan tafkin ake dafawa. Ya ƙara da cewa ladan aikin zai ci da mutum dubbai har su ga bayan wannan muguwar shekara, su ci guminsu maimakon su tsaya layin kunu.

Abin da ya roƙa ba tsabar kuɗi ba ne, takardun zuhudu ne guda 100. A daular Song ba mai zama ɗan zuhudun Buda sai da takardar izni daga gwamnati, mai riƙe da ita kuwa an ɗauke masa aikin tilas da waɗansu haraji. Saboda haka takardar ta zama haja mai tsada, fada ta kan ba lardi ita ya sayar ya yi aiki da kuɗin. Aka ba shi.

Ya kuma yi lissafin lokaci. Mai karatu zai zaci an fi samun sauƙin yasar tafki sa'ad da ya ƙafe ƙaf, kuma haka ne inda laka kaɗai ce matsala. Amma a nan saiwar ciyawa ce ta saƙe ƙasa, in ta bushe sai ta yi tauri kamar daɓe. Sai ya bari ruwan farkon damina ya sauka, dandamalin ya jiƙa ya taso, ya zama ana iya yanka shi a ja shi da jirgi. Farin ya ba shi dalili da ma'aikata, damina ta ba shi sauƙin aiki.

Saura inda za a zuba abin da aka kwaso. Fitar da shi bayan gari zai cinye kuɗin duka, zuba shi a baki kuwa ruwan sama zai mai da shi ciki. Sai ya lura cewa mai son zuwa daga kudancin tafkin zuwa arewacinsa sai ya zaga, tafiyar da kan ci yini. Ya sa aka jera lakar da ciyawar a tsakiyar ruwa, aka yi hanya miƙaƙƙiya daga wannan gaɓa zuwa waccan, aka bar mashigi shida aka ɗora musu gada don ruwa da jirage su riƙa wucewa, aka dasa itatuwa a gefe biyu don saiwarsu ta riƙe ƙasar. Cikin 'yan watanni aka gama.

Wurin da ya fi nuna ya san halin gwamnati shi ne tanadin da ya yi wa gaba. Ya ga yadda aikin Bai Juyi da na sarakunan Wuyue suka lalace da zarar an daina biyan masu kula da su. Saboda haka ya yanka gefen tafkin ya ba manoma haya su shuka wani tsiron ruwa da ake kira ling, wanda ake cin 'ya'yansa. Mai noman ling tilas ne ya share ruwansa tas kowace shekara kafin ya shuka, ke nan ciyawa ba za ta sami wurin kamawa ba, kuɗin hayar kuma a ajiye shi don gyara. Don kada manoman su ma su cinye tafkin, ya kafa 'yan hasumiyoyi uku a cikin ruwa su zama iyaka, ba mai shuka ya wuce su. Ya kuma ɗora alhakin duba wannan a wuyan wani jami'i na gundumar Qiantang, don a san wanda za a tambaya in abu ya ɓaci.

ƘARA DA KORA

Abin da ake tsoro bai fasa zuwa ba. Da aka kira shi Kaifeng cikin 1091, wani jami'i na ma'aikatar sa ido, Jia Yi, ya kai ƙararsa cewa ya zuzuta bala'in lardin fiye da yadda yake, ya kuma wahalar da soja wajen gina hanya a cikin tafki don yawon shaƙatawa, abin da ba ya amfanin hukuma ko talaka. Gao ta kare shi, amma zaman fada ya gagara, aka tura shi Yingzhou. Mutanen Hangzhou kuwa nasu hukuncin daban ne. Gwamnan da ya gaje shi, Lin Xi, ya sa wa hanyar sunan Su, mutane da yawa kuma suka rataya hotonsa a gidajensu.

A Yingzhou ya nuna cewa ba son haƙa ne ya dame shi ba. Ya tarar ana shirin haƙa wata babbar magudana da za ta kwashe ambaliya ta zuba a kogin Huai, manya sun riga sun amince. Ya tura ma'aikata suka bi hanyar da ma'aunin tudu da gangare, aka gano cewa in Huai ya cika, ruwansa ya fi bakin magudanar tudu da wajen mita 3, watau maimakon ta kwashe ruwa sai ta jawo shi cikin lardin. Ya rubuta, aka fasa aikin. Amma wani tafkin da ke garin, wanda shi ma ake kira Tafkin Yamma, ya sa an fara yasarsa.

Gao ta rasu cikin 1093, a shekarar da matarsa ta biyu ta rasu. Sarki Zhezong ya karɓi mulki da kansa ya komo da mutanen sababbin dokoki, shugabansu kuwa Zhang Dun, abokin Su Shi na ƙuruciya. Cikin 1094 aka kore shi zuwa Huizhou, can kudu, ƙasar zazzaɓi. Ba shi da iko ko na sa hannu a takarda, duk da haka ya sa baki aka gina gada biyu a garin, ya ba da ɗamararsa ta girma gudummawa. Ya kuma rubuta wa gwamnan Guangzhou yadda za a jawo ruwan dutse zuwa birni da bututun gora, har da shawarar a huda ƙaramar kafa a kowane tsayi a toshe, don in bututu ya cushe a san inda za a duba. Cikin 1097, yana da shekara 60, aka ƙara tura shi gaba, aka ƙetare da shi teku zuwa tsibirin Hainan, wanda a lokacin ake ɗauka ƙarshen duniya ne. Aka fitar da shi daga gidan hukuma, ya gina bukka a cikin itatuwa da taimakon mutanen wurin, ya riƙa koyar da yaransu karatu.

Da Zhezong ya rasu cikin 1100 aka yi masa afuwa. Ya kamo hanyar arewa, ciwo ya kama shi a tafiya, ya rasu a Changzhou cikin 1101 yana da shekara 64. Ko bayan ransa ba a ƙyale shi ba, gama an sa sunansa a jerin waɗanda aka sassaƙa a dutse a matsayin 'yan hamayya, aka hana buga littattafansa, mutane suka riƙa karanta su a ɓoye. Sai bayan da Kaifeng ta faɗi hannun mayaƙan Jin cikin 1127, daular ta ƙaura kudu ta mai da Hangzhou babban birninta, kana aka wanke shi, aka ba shi lambar girma.

Tafkin bai daina cikewa ba. Bayan daular Song an sake sakaci da shi har masu hali suka mai da yawancinsa gonaki, sai da wani gwamna na daular Ming, Yang Mengying, ya ƙwato shi ya yashe wajen 1508, shi ma ya sha ƙara a kan haka. Hasumiyoyi ukun da ke tsaye a ruwan yanzu an gina su ne cikin 1621 a madadin na Su Shi, su ne kuma ke bayan takardar kuɗin Sin ta yuan ɗaya. An sake babbar yasa daga 1952 zuwa 1958, lokacin da zurfin ruwan ya ragu zuwa wajen rabin mita, aka mai da shi kusan mita 2, aka kuma yi wata daga 1999 zuwa 2003. Cikin 2011 hukumar UNESCO ta sa tafkin da kewayensa cikin jerin wuraren tarihi na duniya.